Darasi na Tara: Ƙidaya, Taswira da Basirar Na'ura a Hidimar Jama'a

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya fahimci abu uku: dalilin da ya sa hukuma ba ta iya raba amfani bisa adalci sai ta san yawan jama'a da mazauninsu, yadda na'urorin zamani suke taimakawa wajen samun wannan sani, da kuma iyakar da ilimin na'ura yake tsayawa, inda ya zama wajibi mutanen gari su sa baki.

1. Asalin mas'alar

Ku sani, ya ku ɗalibai, duk wani alheri da hukuma take nufin talakawa da shi, ko allurar rigakafi ce, ko takin zamani, ko gidan sauro, ko kujerun makaranta, kafin ya bar ɗakin ajiya a birnin Kano ya kamo hanyar Wudil ya iso Gaya, daga nan ya watsu zuwa Kademi da Shagogo da Gamarya, ko ya nausa zuwa Ajingi da Toranke da Balare, lalle sai wani ma'aikaci ya zauna da takarda ya amsa tambayoyi uku: mutum nawa ne, ina suke zaune, kuma wa ya fi bukata. In amsar ta yi daidai, ana sa ran rabo ya yi daidai. In kuwa ta karkace, to, ko da mai rabon waliyyi ne sai ya zalunci wani ba da saninsa ba, domin wanda bai shiga lissafi ba, kasonsa ba zai shiga mota ba.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulunci. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, sa'ad da dukiyar baitulmali ta yawaita a zamanin halifancinsa, wajen shekara ta 20 bayan Hijira, ya kafa diwani, wato babban littafin da aka rubuta sunayen jama'a ƙabila-ƙabila, domin kowa ya sami kasonsa na shekara ba tare da an tsallake wani ko an ba wani sau biyu ba. Sun kuma ruwaito cewa da farko ba a sa yaro cikin diwanin sai an yaye shi, har wani dare Halifa ya ji kukan jariri ya ƙi ƙarewa, ya bincika, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne tun lokaci bai yi ba domin ya shiga rabo. Sai ya sake hukuncin, ya yi umarni a riƙa rubuta kowane jariri tun daga haihuwarsa. A cikin wannan ƙissa akwai fa'ida biyu da za su bi mu har ƙarshen darasin nan: ta farko, littafin ƙidaya makamin adalci ne, ta biyu, ƙa'idar littafin tana iya cutar da waɗanda aka yi shi dominsu, matuƙar shugaba bai fita da ƙafarsa ya ga abin da take haifarwa ba.

A ƙasarmu kuwa ƙidaya ta daɗe da samun baƙin jini, kuma ba a banza ba. Tun bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, talaka bai san malamin ƙidaya ba sai a matsayin jakadan haraji da jangali, saboda haka mai gida yakan ɓoye samarinsa, Bafulatani ya kora wani sashe na garkensa cikin daji, har abin ya zama ɗabi'a wadda ba ta gushe ba ko bayan da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Ta wani gefen kuma, da yake yawan jama'a shi ne ma'aunin rabon kujerun majalisa da kuɗin tarayya, sai ƙidayar ƙasa ta zama fagen jayayya, har aka soke ta 1962 da ta 1973. Ta ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba Ƙaramar Hukumar Gaya mutum wajen 201,000, Ajingi kuma wajen 174,000. Jaririn da aka haifa a makon waccan ƙidaya ya riga ya zama cikakken mutum, amma har yanzu a kan wannan adadi ake ƙara kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara a ce shi ne yawanmu, kamar dai kowane gari yana hauhawa da gwargwado guda, alhali kowa ya san akwai garin da ya ninka saboda kasuwa da titi, akwai kuma ƙauyen da samarinsa suka watse zuwa birane.

2. Abin da cutar shan inna ta koya wa hukuma

Babu inda illar rashin sahihin lissafi ta bayyana a fili kamar yaƙin da aka yi da cutar shan inna. Manyan cikinku suna tune da shekarar 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano saboda shubuhar da ta shiga zukatan mutane game da maganin, shubuhar da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya riga ya share wa fage. Ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004. Shekaru suka shuɗe ana zagaye bayan zagaye, amma a 2012 sai da aka sami yara 122 da cutar ta kama a Najeriya, kuma a lokacin ƙasashe uku kaɗai suka rage a duniya da ba a taɓa katse yaɗuwarta a cikinsu ba, wato Najeriya da Pakistan da Afganistan.

Da aka tsananta bincike, sai ta bayyana cewa ƙin amincewar iyaye, wanda kowa yake ɗora wa laifi, sashe ne kawai na matsalar, domin akwai yara masu yawa da iyayensu ba su taɓa korar kowa ba, masu rigakafin ne ba su taɓa isa ƙofarsu ba. Dalili kuwa shi ne, taswirar da ake aiki da ita ta hannu ce, wadda jami'in mazaɓa yake zanawa da biro gwargwadon abin da ya tuna. In 'yan gidaje suka faɗo a kan iyakar mazaɓu biyu, sai na Gamoji ya zaci na Kazurawa ne za su je, na Kazurawa ya zaci na Gamoji ne, a misali, har a gama zagayen babu wanda ya taka wurin, kuma kowa ya rubuta a takardarsa cewa ya kammala aikinsa.

Daga 2012 aka ɗauki wata dabara. Aka samo hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗauka daga sama, waɗanda ake iya ganin kowane rufin ɗaki a cikinsu, aka fitar da duk inda gidaje suke. Sa'an nan, da yake hoto ba ya faɗin sunan gari, aka tura ma'aikata a kan babura, tare da 'yan jagora daga mutanen wurin, suka bi ƙauye-ƙauye suna tambayar dagatai da masu unguwanni, suna rubuta suna da iyaka da wurin asibiti da makaranta da masallaci da kasuwa. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda take da babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan wahala, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, kuma aikin ya game ƙananan hukumomi 44 na jihar, har da Gaya da Ajingi masu mazaɓu goma-goma. Bayan haka aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayar hannu su sa a jaka, wadda take rubuta inda suke kowane minti biyu. Da yamma a ɗora sawunsu a kan taswirar, wadda aka yanka manyan garuruwanta gida-gida, kowane gida mita 50 tsawo da faɗi, sai duk inda ba a taka ba ya fito fili, a aika da umarni daga cibiyar ayyukan gaggawa ta jiha cewa gobe a koma can.

Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, kuma rashin adalci ne a ce haka. Sarakuna sun tsaya, tun daga Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da marigayi Sarkin Kano Ado Bayero har zuwa masu unguwanni. Mata masu wayar da kai sun shiga gidaje lungu-lungu, wasu ma'aikatan ma sun rasa rayukansu a harin da aka kai musu a Kano a watan Fabrairu na 2013, Allah Ya ji ƙansu. Amma ko a nan bayanai sun yi rana, domin da aka riƙa rubuta dalilin kowane gidan da ya ƙi, sai aka ga ƙorafin da yawa shi ne, kullum ɗigon shan inna ake kawowa alhali zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara babu magani. Wannan ya sa aka fara kafa 'yan sansanonin duba marasa lafiya kyauta a ranakun rigakafi. Sakamakon ya bayyana a alƙaluma: daga yara 122 a 2012 aka dawo 53 a 2013, sa'an nan 6 a 2014. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a Ƙaramar Hukumar Sumaila yake, a watan Yuli na 2014. Na ƙarshe a ƙasa baki ɗaya a Borno aka same su a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta kuɓuta daga wannan nau'i. Har yanzu akwai wani nau'in da yake ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa ba a daina zagayen ba.

3. Mece ce ƙirƙirarriyar basira?

Sunan yana da girma, amma haƙiƙanin abin ba sihiri ba ne, ba kuma duba ba ne. Lissafi ne mai yawa da kwamfuta take yi cikin sauri. Bambancinta da sauran manhajoji shi ne, ba a rubuta mata ƙa'idar kowace mas'ala, sai dai a tara mata misalai dubbai waɗanda mutane suka riga suka yi wa alama, a ce mata wannan rufin gida ne, wannan gona ce, wannan inuwar kuka ce. Ta yi ta cinka, in ta kuskure a gyara ma'aunanta, ta sake, a sake gyarawa, har ta kai ga in an nuna mata hoton da ba ta taɓa gani ba takan dace a mafi yawan lokuta. Aikin da zai ɗauki ma'aikata ɗari watanni suna ƙura wa hoto ido, sai ta gama shi cikin kwanaki, kuma ana iya maimaita shi duk sa'ad da aka ɗauki sabon hoto, a ga sababbin unguwannin da suka tsiro.

Daga gano gidaje aka wuce zuwa kirdadon yawan mutane. Hanyar ita ce, a zaɓi wasu 'yan yankuna kaɗan, a shiga gida-gida a ƙirga kowa da kowa, a san gwargwadon mutanen da suke zama a irin wannan unguwa, ko cunkoson cikin gari ce ko warwatsattsun gidajen gona. Sa'an nan a yi ƙiyasin sauran wuraren da suka yi kama da su a hoto. Kano da Kaduna suna cikin wuraren da aka fara gwada wannan hanya, daga baya shirin GRID3, tare da masanan Jami'ar Southampton ta Ingila, ya fitar da irin wannan kirdado ga ƙasar baki ɗaya, yana ba da adadin mutanen da ake zaton suna cikin kowane fili mai kimanin mita 100 tsawo da faɗi. Malamanmu na fiƙihu sun san irin wannan aiki, domin sun halatta a tura amintacce masani ya yi kirdadon dabino da inabi tun suna bisa itace saboda fitar da zakka. Sun yarda da shi saboda lalura, sun kuma gindaya sharaɗin ƙwarewa da amana, amma ba su taɓa kiran sa awo ba.

Ga yadda amfaninsa yake a aikace. Ma'aikatan lafiya a ƙasar nan sukan ɗauka cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne kashi 20 cikin 100 na jama'a, 'yan ƙasa da shekara ɗaya kuma kashi 4. Mu ƙaddara wani ƙauye a mazaɓar Gafasa, tsohon lissafi ya ce mutanensa 1,000 ne, sai a aiko da maganin yara 200. Alhali kuwa sabon kirdado, wanda littafin mai unguwa ya ƙarfafa, ya nuna sun kai 1,500, wato yara 300. Ma'aikaci zai yi wa 200, ya rubuta cewa ya cika ɗari bisa ɗari, a yaba masa a ofis, yara 100 kuwa suna nan ba wanda ya san da zamansu. Irin waɗannan yara ne cututtuka suke samun mafaka a jikinsu, kamar yadda annobar mashaƙo, wadda ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta fi tsananta a Kano, ta fi kama waɗanda ba su sami cikakken rigakafi ba.

4. Wasu fannonin da ake amfani da ita

Na farko, tarin fuka, wanda ake kira tibi. Likitocin da suka ƙware wajen karanta hoton ƙirji kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar da ta koyi karanta hoton wajen tace mutane, kuma a jihohi da dama na Najeriya ana yawo da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto zuwa kasuwanni da ƙauyuka. Manhajar ta duba cikin ɗan lokaci ta ware waɗanda ake tuhuma, a karɓi majinarsu a kai ɗakin gwaji, domin gwajin ne yake yanke hukunci.

Na biyu, ambaliya. Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya, wanda madatsun Tiga da Challawa suke samansa, albarka ne ga masu fadama da masunta, amma a shekarar da ruwa ya yi yawa garuruwan da suke kusa da gaɓarsa ba sa barci da ido biyu rufe. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma maƙwabtanmu na Jigawa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna ta ƙasa tana bayyana ƙananan hukumomin da suke cikin haɗari, kamfanin Google kuma yana da manhajar da take haɗa bayanan ruwan sama da na ƙasa ta yi hasashen cikar kogi kwanaki kafin ta auku. Sai dai gargaɗin da ya tsaya a kan allon kwamfuta ba ya ɗauke buhu ko ɗaya daga rumbu. Sai ya bi ta rediyo da bakin sanƙira da mumbarin Juma'a tukuna.

Na uku, tallafin masu ƙaramin ƙarfi. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta so ta aika wa matalauta kuɗi ta waya alhali ba ta da cikakken littafinsu. Sai masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka taimaka, aka yi amfani da hotunan sama wajen gano yankunan da suka fi talauci, da kuma yadda mutum yake amfani da wayarsa wajen ƙiyasta ƙarfinsa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna hanyar ta fi rabon da ake yi bisa yanki kawai dacewa, amma ba ta kai cikakkiyar rajistar gida-gida ba, kuma wanda ba shi da layin waya ba ta ganin sa sam. A Najeriya, rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ta ginu ne a kan taron jama'ar gari, su da kansu su bayyana waɗanda suka fi bukata a cikinsu.

5. Inda ilimin na'ura yake tsayawa

Abu na farko, malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, ba sa karɓar labari sai sun binciki isnadinsa, su tabbatar kowane mai ruwaya adali ne mai kiyayewa, kuma silsilar ba ta yanke ba. Alƙaluman hukuma ma suna da nasu isnadin: daga malamar asibiti mai cika rajista, zuwa jami'in mazaɓa, zuwa ofishin ƙaramar hukuma inda ake shigar da su kwamfuta, zuwa Kano, zuwa Abuja. In mutum ɗaya a wannan silsila ya zauna gindin bishiya ya cika takarda da ka, ko ya ƙara adadi don tsoron faɗan shugabansa, to, duk abin da na'ura za ta gina a kai ɓatacce ne, kuma ta fi mutum haɗari a nan, domin takan fito da ƙaryar cikin kyakkyawan zane mai launi wanda ba a saba yi wa musu ba. Ko wayar da take bin sawun masu rigakafi shaidar zuwa kawai take bayarwa, ba ta shaidar cewa ɗigo ya shiga bakin yaro. Saboda haka ne ake tura wasu masu bincike dabam bayan kowane zagaye, su zaɓi garuruwa shida a ƙaramar hukuma, su duba yara goma a kowanne, su ga ko akwai tawada a ɗan yatsansu.

Abu na biyu, na'ura ba ta sanin abin da ba a koya mata ba. Rufin kwano yana ƙyalli a hoto, ɗakin ciyawa kuwa launinsa ɗaya da ƙasa a lokacin rani. Rugar da take nan yau, bayan wata biyu ta tashi. Tsangayar da almajirai hamsin suke kwana a cikinta, daga sama ba ta bambanta da gidan mutum bakwai ba. Ke nan waɗanda na'ura ta fi saurin tsallakewa su ne waɗanda dama can aka saba tsallakewa, kuma babu mai cike wannan giɓi sai mai unguwa da arɗo da alaramma da ungozoma da wanzami, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na uku, abin da na'ura take bayarwa zato ne mai rinjaye, bai kai matsayin yaƙini ba, kuma ba ya halatta a hana mutum haƙƙinsa bisa zato ba tare da an saurare shi ba. A ƙasar Holan, wadda ta fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, hukumar haraji ta dogara da irin wannan lissafi wajen zaƙulo waɗanda ake tuhuma da cutar gwamnati a kuɗin renon yara, aka ɗora wa dubban iyalai laifin da ba su yi ba, da yawansu 'yan asalin wasu ƙasashe, aka tilasta musu biyan kuɗin da ya karya su, har abin kunyar ya sa gwamnatin ƙasar ta yi murabus a watan Janairu na 2021. Duk jami'in da ya ce muku kwamfuta ce ta cire sunanku, babu yadda za a yi, to, ya faɗi rabin magana ne, domin mutum ne ya saita kwamfutar, kuma mutum ne ya wajaba ya amsa ƙorafinku.

Abu na huɗu, bayanan mutum amana ce. Sunan matarka, da ciwon da aka gano a jikinka, da lambar shaidarka ta ɗan ƙasa, ba kayan talla ba ne. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta ba kowane mutum ikon ya san dalilin karɓar bayanansa da wanda za a ba, ya kuma nemi a gyara in an rubuta kuskure. 'Yan damfara sun gane cewa jama'a suna jiran tallafi, saboda haka sukan bugo waya da sunan hukuma. Ku riƙe wannan da kyau, babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ku lambar sirrin katin banki ko lambar da banki ya turo muku ta saƙo.

6. Abin da ya hau kanmu

Tunda ya tabbata cewa rabo yana bin lissafi, lissafi kuma yana bin abin da muka faɗa, to, wajibinmu na farko shi ne mu shiga littafi da gaskiya, ba ragi ba ƙari: a sanar da mai unguwa duk haihuwar da aka yi tun kafin ranar suna, domin ya sa a littafinsa a daidaita da na asibiti, a karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a adana katin rigakafi inda gara da ruwa ba za su taɓa shi ba. Na biyu, mu tabbatar sunan ƙauyenmu da na maƙwabtanmu, har da ruga da gidajen gona, yana cikin taswirar da asibitin mazaɓa yake aiki da ita, kuma kwamitin raya mazaɓa shi ne ƙofar da ake bi a nemi ganin ta. Na uku, kafin mu ba da bayani mu tambayi mai karɓa cikin ladabi wa ya aiko shi, me za a yi da shi, kuma mu nemi ya biyo ta hannun dagaci. Na huɗu, wanda Allah Ya ba shi aikin cika rajista a cikinmu ya ji tsoron Allah, ya sani cewa adadin da ya ƙirƙira shaidar zur ce, ko da ba a gaban alƙali ya yi ta ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku ne ma'aikaci yake amsawa kafin a raba kayan hukuma?
2. Wane hukunci Sayyidina Umar ya sake game da diwani, kuma me ya jawo haka?
3. Me ya sa taswirar hannu take tsallake gidajen da suke kan iyakar mazaɓu?
4. In mutanen wani gari 2,500 ne, yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar za a shirya wa magani, nawa ne kuma 'yan ƙasa da shekara ɗaya?
5. Kawo mutane iri uku da na'ura take saurin tsallakewa, ka faɗi wanda zai iya shigar da su.
6. Bayyana bambancin kirdado da awo.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni bisa unguwanninku. Kowane rukuni ya zana taswirar unguwarsa a babbar takarda, ya nuna gidaje da rijiyoyi da masallatai da makarantun allo da hanyar zuwa asibiti, ya kuma nuna duk wata ruga ko gidan gona da yake bayan gari. Ku kai wa mai unguwa ya duba ya gyara, sa'an nan ku wakilta mutum biyu, namiji da mace, su je asibitin mazaɓa tare da malamin aji su gwada ta da wadda ake aiki da ita a can. In kun tarar da wani wuri da babu shi a tasu, kada ku bar wurin sai an rubuta sunansa, kuma ku koma bayan wata guda ku tabbatar an kai musu abin da aka kai wa kowa. Allah Ya sa mu dace, amin.